RA'AYINMU: A Sa Wa Jita-Jita Linzami, A Bar Tambaya Ta Wuce

A 'yan makonnin nan wasiƙu sun yi ta zuwa wannan shafi a kan magana guda, watau zaurukan WhatsApp na ƙungiyoyin mutanenmu mazauna Kudu. Wani mai sayar da tumatir ya rubuto cewa ya tambayi inda aka kai kuɗin da aka tara don gyaran rumfuna, kafin gari ya waye an fitar da shi daga zauren ƙungiyarsu. Wani kuwa, wanda shi ke riƙe da zauren mutanen garinsu, ya ce ya gaji, domin in ya share saƙon tashin hankali a ce ya zama Fir'auna, in ya ƙyale a ce ba ya aikinsa. Mun ga ya kamata mu faɗi namu ra'ayi, gama abin ya shafi dukiyar jama'a, wani lokaci ma har da rayukansu.

Kowa ya san yadda kakanninmu suka tsara zamansu a nan Kurmi. Tun da aka kafa unguwar Sabo a Badun cikin 1916, baƙon da ya sauka daga Arewa yana da maigidan da zai karɓe shi, ya ba shi masauki, ya tsaya masa a cinikin goro ko na shanu. In rigima ta taso akwai Sarkin Hausawa da dattawansa, su ne ke kiran mai laifi su ja masa kunne, su ne kuma ke zuwa wurin masu gari su yi magana da bakin kowa. A zauren Sarki ba a magana barkatai. Akwai mai ba da izini, akwai mai cewa ya isa haka.

To, yau wannan zaure ya shige cikin wayar hannu. Daga Mile 12 da Agege da Idi-Araba a Ikko, zuwa Shagamu da Anaca da Fatakwal da kasuwar shanu ta Lokpanta a Jihar Abiya, da wuya ka sami ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta 'yan acaɓa ko ta mutanen gari ɗaya wadda ba ta da zaurenta. A nan ake jin farashin buhun albasa, a nan ake jin motar da ta taso daga Aliero ta lalace a Jebba, a nan ake sanar da jana'iza da suna da ranar biyan kuɗin ƙungiya. Wanda aka fitar daga zaure kuwa, kamar an kore shi daga kasuwa ne alhali rumfarsa na nan.

IKON MAI RIƘE DA ZAURE

Mai riƙe da zaure, wanda samari ke kira adimin, yana da iko wanda mutane da yawa ba su san iyakarsa ba. Shi ke shigar da mutum, shi ke fitar da shi. Tun 2018 kamfanin WhatsApp ya ba shi damar rufe bakin kowa, ya zamana shi da abokan shugabancinsa kaɗai ke iya aika saƙo. A 2022 aka ƙara masa ikon share saƙon wani daga wayoyin dukan jama'ar zauren. A wannan shekarar dai aka faɗaɗa zaure daga mutum 256 zuwa 512, daga baya zuwa 1,024. A 2023 kuma aka ba shi damar tantance duk mai neman shiga kafin ya shigo. Har wa yau, wanda ya buɗe zaure da layinsa, sauran shugabanni ba su iya cire shi, sai in shi ya ga dama ya fita.

Watau ke nan yaro ɗan shekara ashirin, don kawai shi ya fi iya danna waya ranar da aka buɗe zaure, yana iya riƙe bakin mutum dubu, cikinsu har da sa'o'in mahaifinsa. Ba a zaɓe shi a taro ba, ba a naɗa masa rawani ba, ba wanda ya karanta masa sharuɗɗa. Wannan shi ne tushen gunagunin da muke ji.

DON ME AKE BUKATAR LINZAMI

Duk da haka, masu cewa a bar kowa ya aiko abin da ya ga dama, a ko da yaushe, ba su dubi halin da muke ciki ba. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga wayar mai aikawa har zuwa wayar mai karɓa, kamfanin kansa ba ya karanta su. Saboda haka babu wani ma'aikaci a Amurka da ke zaune yana tace abin da ake faɗa a zauren 'yan gwari na Mile 12. In mai riƙe da zaure bai tsayar da ƙarya ba, to babu mai tsayar da ita.

Shi kansa kamfanin wuya ce ta koya masa. A ƙasar Indiya, cikin 2017 da 2018, jita-jitar masu satar yara ta yi ta yawo a wayoyi, mutanen ƙauyuka suka riƙa kama baƙi suna dukansu har lahira. Ran 1 ga Yuli, 2018, a ƙauyen Rainpada cikin Jihar Maharashtra, an kashe mutum 5 a haka, ba su da laifin kome sai baƙunta. A watan nan kamfanin ya sa iyaka, ba a tura saƙo gaba zuwa wuri fiye da 5 a lokaci guda a Indiya. A Janairun 2019 aka shimfiɗa wannan iyaka a duniya duka. A Afrilun 2020, lokacin cutar korona, aka ƙara matsewa, saƙon da ya riga ya bi hannuwa da yawa ba a tura shi sai wuri ɗaya a lokaci guda. Kamfanin ya ce cikin 'yan makonni yawon irin waɗannan saƙonni ya ragu da kashi 70 cikin 100. Ba a hana kowa magana ba, an dai rage wa magana gudu, ragin gudun kuwa ya yi aiki.

Jama'a, ku lura da waɗanda aka kashe a Rainpada. Baƙi ne. A ko'ina cikin duniya, in jita-jita ta tashi, baƙo take fara ci. Mu kuwa a nan baƙi ne, haka kuma 'yan Kudu da ke zaune a Sabon Garin Kano da Zariya da Kaduna baƙi ne a can.

A gida ma mun gani. A watan Yunin 2018 an kai munanan hare-hare a yankin Barikin Ladi na Jihar Filato. Harin gaskiya ne, mutane sun mutu, amma wasu hotunan da aka yi ta yaɗawa a Facebook ba na can ba ne. Binciken da gidan rediyon BBC ya fitar a Nuwamban shekarar ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu, bidiyon wani mutum da aka sare a ka, ya fito ne daga Kwango Barazabil tun 2012. Ran 24 ga Yuni aka tare hanyoyi a Jos, aka fitar da mutane daga motoci, aka kashe 11. 'Yan sandan jihar sun ce waɗannan hotuna sun taimaka wajen hura wutar.

Dattawa za su tuna rikicin Shagamu na Yulin 1999. A lokacin babu wayar hannu a aljihun talaka, labari ya isa Kano ne a bakin waɗanda suka tsere cikin manyan motoci, kuma sai bayan 'yan kwanaki aka yi ramuwar gayya. Ko waɗannan 'yan kwanakin ma ba su isa a tare bala'in ba. Da rikicin kasuwar Shasha ya ɓarke a Badun cikin Fabrairun 2021, kafin Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar ya sa dokar hana fita, hotuna da saƙonnin murya sun riga sun isa Sakkwato da Maiduguri. Tazarar da hukuma da sarakuna ke samu da can don su kwantar da hankali ta koma ta 'yan mintoci. A cikin waɗannan mintoci, mai riƙe da zaure ne ke tsaye a bakin ƙofa.

Kada kuma a ɗauka muna cewa a ɓoye gaskiya. A Maris na 2025 an kashe matafiya 16 a Uromi cikin Jihar Edo, mafarauta ne da suka taso daga Jihar Ribas za su Kano yin Salla. Labarin ba ƙarya ba ne, kuma fitarsa ce ta sa aka yi kame, har Gwamna Monday Okpebholo ya tafi Kano ta'aziyya. Shugaban zaure mai hankali ba zai share irin wannan labari ba. Zai bar labarin ya tsaya, tare da sanarwar hanyar da za a kauce wa da wurin da za a kai taimako. Abin da zai share shi ne saƙon da ke biyo baya yana cewa a far wa 'yan ƙabila kaza a duk inda aka gan su. Na farko gargaɗi ne mai ceton rai, na biyu kuwa kira ne a zubar da jinin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, daga ƙarshe kuma wutar ta dawo kanmu.

WANZAMI BA YA SON JARFA

To, amma fa linzamin nan da aka yi don jita-jita, wasu sun ɗauke shi sun ɗaura wa tambaya. Ma'ajin ƙungiya shi ne kuma mai riƙe da zaure, duk wanda ya ce a karanta lissafi sai a ce mai tada fitina ne. Lokacin zaɓen shugabannin kasuwa ya zo, sai a rufe zaure, hoton ɗan takara ɗaya kaɗai ke shigowa. An hana talla, amma hajar shugaba da ta ƙanensa kullum tana gaba. An hana siyasa, amma ta jam'iyyar da shugaba ba ya so ake nufi. Wannan zalunci ne, ko da a cikin waya aka yi shi.

Mu 'yan jarida mun san ɗacin irin wannan iko. Doka ta 4 ta 1984 ta ba gwamnatin soja damar hukunta mai buga labarin da ya kunyata ma'aikacin hukuma, kuma da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. Dokar ba ta daɗe ba, an soke ta a 1985, amma sunanta ya zama abin misali. Shugaban zauren da ke korar mai tambayar kuɗi, ƙaramar Doka ta 4 ya kafa a aljihunsa.

Akwai kuma darasin 2021. A farkon watan Yuni kamfanin Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya share wani saƙo na marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ya ce ya saɓa ƙa'idarsa. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da kamfanin a Nijeriya baki ɗaya daga 5 ga Yuni, 2021, har 13 ga Janairu, 2022, kwana 222. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wanda ya fara laifi, abu biyu sun fito fili. Ƙa'idar da aka rubuta tana iya hawa kan babba. Rufe kasuwa duka saboda faɗan mutum biyu kuwa, talaka mai neman abinci yake cuta.

Tsarin Mulkin 1999 shi ma a kan wannan ma'auni yake. Sashe na 39 ya ba kowa 'yancin faɗar ra'ayinsa, sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi bisa doka don zaman lafiya da kare haƙƙin wasu, sashe na 36 kuma ya ce ba a yanke wa mutum hukunci sai an saurare shi. Gaskiya ne zauren ƙungiya ba kotu ba ne, amma adalcin da muke nema daga hukuma, ai kamata ya yi mu fara yi wa junanmu. Kuma kowa ya sani, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, a sashenta na 24 ta tanadi hukunci ga wanda ya aika saƙon da ya san ƙarya ne da nufin tada hargitsi ko jefa rai cikin haɗari. Cewa "ni ma turo mini aka yi" ba zai hana a kwana a ofishin 'yan sanda ba.

SHAWARWARINMU

Mu dai a namu gani, maganin abin shi ne a mayar da zauren waya ƙarƙashin tsarin da muka gada, watau shawara da sanin ya kamata. Ga abin da muke kira ga kowace ƙungiya ta yi.

Na farko, a zauna a taro ido da ido a tsara ƙa'idodin zaure, kada su wuce goma. A rubuta su a goshin zauren, a kuma karanta su cikin saƙon murya saboda 'yan'uwanmu da ba su karanta boko. Ba a hukunta mutum da dokar da ba a taɓa gaya masa ba.

Na biyu, zauren ƙungiya a buɗe shi da layin ƙungiya, wanda zai zauna a hannun magatakarda ya kuma wuce ga magajinsa. In an riga an buɗe da layin wani, a roƙe shi da mutunci ya miƙa, ko a buɗe sabo.

Na uku, masu riƙe da zaure kada su gaza uku, a zaɓe su kamar yadda ake zaɓen sauran shugabanni, da wa'adi. A sa dattijo guda a ciki ko da sai an danna masa wayar. Ma'aji da duk mai taɓa kuɗin ƙungiya kada a ba shi wannan iko, haka kuma ɗan takara a lokacin zaɓe.

Na huɗu, a raba zaure biyu, ɗaya na sanarwa inda shugabanni kaɗai ke magana, ɗaya na hira inda kowa ke da baki. In an yi haka, sanarwar jana'iza ba za ta nutse a ƙarƙashin hotunan barka da Juma'a guda hamsin ba, kuma ba wanda zai ce an toshe masa baki.

Na biyar, a sa iyaka ga yawan saƙo, iyakar kuma ta hau kan kowa. Talla sau ɗaya a rana ta isa. Dogon bidiyo a bar shi sai da dalili, domin mai tura baro da mai gadi da guminsu suke sayen data. Saƙon murya kada ya zama wa'azin tashe. Daga ƙarfe goma sha ɗaya na dare zuwa asuba a bar mutane su huta, sai fa abin gaggawa. Masu amfani da Telegram suna da wata dabara tun 2019, wadda ke sa mutum ya jira ɗan lokaci tsakanin saƙo da saƙo. A WhatsApp kuwa sai a dogara ga yarjejeniya da kunya.

Na shida, labarin tashin hankali kada ya tsaya a zaure sai mai kawo shi ya amsa tambaya uku: wa ya gani, a ina, yaushe? In ba amsa, a share, a bugo wa mutanenmu na wurin a ji gaskiya, sa'an nan a dawo a faɗa wa jama'a abin da aka samu. Shara kaɗai ba ta isa ba, domin shiru shi ma yana haifar da zato. Musulmi sun san aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umarni da binciken labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci mutane cikin jahilci a zo ana da-na-sani.

Na bakwai, ranar rikici shugabanni na da damar rufe zauren hira, amma su faɗi dalili, su faɗi lokacin da za a buɗe, kuma kada ya wuce kwana ɗaya ko biyu sai da yardar kwamiti. A cikin wannan lokaci su riƙa kawo sahihin labari daga Sarkin Hausawa da 'yan sanda da shugabannin masu gari.

Na takwas, horo ya bi mataki. A fara da nasiha a keɓe, domin tozarta magidanci a gaban mutum dubu ba gyara ba ne. In ya sake a share saƙon, in ya ƙara a dakatar da shi mako guda. Kora ita ce ta ƙarshe, kuma wanda aka kora yana da damar kai kuka gaban dattawa a saurare shi.

Na tara, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa tambaya a kan kuɗin ƙungiya da aikin shugabanni ba laifi ba ce, muddin babu zagi. Shugaban da ke karanta lissafi kowane wata ba ya tsoron tambaya.

Ku kuma jama'ar zaure, akwai naku nauyin. Yawancin masu riƙe da zaurukan nan ba a biyansu ko kwabo, suna barin cinikinsu su raba faɗan da ba su suka haɗa ba. In an share saƙonka, ka tambayi dalili a keɓe kafin ka tara wa mutum jama'a. In kuwa saƙo ya shigo wayarka ya sa jininka ya tafasa nan take, to shi ne ya fi cancanta ka dakata a kansa, gama masu ƙirƙirar ƙarya sun san inda ke yi mana ciwo. Magana zarar bunu ce, a waya ma ta fi, domin ko an share ta a zaure ɗaya ta riga ta kwana a zaure goma.

Muna kira ga Sarakunan Hausawa na Ikko da Badun da Shagamu da Benin da Inugu da Fatakwal da sauran garuruwa, da shugabannin kasuwanni da limamai, su kira masu riƙe da zaurukan yankunansu su san su da fuska, su karɓi lambobinsu tun ana zaman lafiya. Ranar da ƙura ta tashi ba ranar neman lamba ba ce. Haka kuma ya kamata a ƙulla irin wannan sanayya da shugabannin zaurukan maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo da sauran masu gari, domin ƙaryar da ke yawo a kanmu a wayoyinsu, su ne za su iya kashe ta, kamar yadda mu za mu iya kashe wadda ke yawo a kansu a namu.

Shi kuwa mai tumatir da ya rubuto mana, muna roƙon shugabannin ƙungiyarsa su mayar da shi zaure, su karanta lissafin kuɗin rumfuna kowa ya ji. In lissafin daidai yake, sun wanke kansu. In akwai gyara, gara a yi shi tun a cikin gida.

Neman abinci ya kawo mu nan, muna kuma so mu koma gida da mutuncinmu. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ba mu ikon riƙe harshe, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.